Daga gangar noma zuwa waƙar waya: Wane kiɗa ya dace da mai gudu a Tasawa da Mayahi?

A Tasawa da Mayahi, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, matashin da ya ɗaura takalmi bayan sallar asuba don ya fita gudu ba ya son barin wayarsa a gida. Wani yana shirin gwajin shiga soja ko jandarma ko aikin ɗan sanda, inda ake auna ƙarfin jiki. Wani ɗan ƙwallo ne. Wani kuma likita ne ya ce masa ya rage teɓa saboda hawan jini ko ciwon suga.

Abin da yawancinsu ke saurare a kunne ba su ne suka zaɓa ba. Mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ne ya cika musu katin waya, ko wani aboki ya turo ta Bluetooth ko Xender. A kati ɗaya za ka samu Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Umar M. Shareef, ga waƙar siyasa mai tsawon minti goma, ga ta Abijan, ga wa'azi a tsakani. Duk wadda ta faɗo ita ce ake gudu da ita.

Ga mai zama a majalisar shayi wannan ba komai ba ne. Ga mai gudun kilomita takwas a kan rairayi kuwa, waƙar da ke kunnensa na iya zama dalilin da ya kai ƙarshe da sauran numfashi, ko ya tsaya a rabin hanya yana riƙe da ƙugu. Kuma mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin haka, tun kafin a ƙera wayar farko.

Makaɗi yana kallon ƙafa

A ƙasar Mayahi, inda gonakin hatsi suke kan jigawa, akwai noman da ake yi a tsaye da hauya mai doguwar ƙota, ana tura ta a ƙarƙashin rairayi tana yanke ciyawa. Idan aka kira gayya, samari kan jeru, makaɗi ya biyo su da gangar noma. Duk wanda ya taɓa ganin gayya ya san makaɗin ba wasa ya zo yi ba. Idonsa na kan manoma. Da safe, jiki bai saki ba, yakan buga a hankali. Idan ya ga aiki ya ɗauki zafi sai ya ƙara. Idan ya hangi wani ya fara ja da baya, sai ya kaɗa masa takensa, ya ambaci ubansa da kakansa, mutumin da ya kusa ajiye hauya sai ka ga ya zabura. Idan kuma rana ta take, ya ga gumi ya yi yawa, ya san lokacin sassautawa.

Haka mata suke yi a bakin turmi. Lugude ba ado ba ne kawai: mata biyu ko uku na daka a turmi ɗaya, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya, waƙar ce ke hana su karo, ita ce kuma ke rage musu jin nauyin aikin. Maƙera na da kiɗansu, mahauta na da kalangu.

A fagen wasa kuwa babu inda abin ya fito fili kamar kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, wadda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe, ba a taɓa raba kokowar Nijar da ganga ba. Filin kokowa na birnin Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi a yau. Kowace jiha daga cikin takwas na tura 'yan kokowa goma, amma kafin a kai nan sai an tace su tun daga ƙauyuka da gundumomi irin su Tasawa da Mayahi, inda bayan kaka samari ke karawa a dandali. Ɗan kokowa na da takensa, yana da kirarinsa, kuma mawaƙa irin su Sagalo sun yi suna ne da iya motsa jinin mazaje kafin su shiga fage. A dambe ma haka Ɗan Anace ya yi da Shago, har sunan ɗaya ba ya fita sai da na ɗayan.

A duk waɗannan misalai, kiɗa ne ke bin jiki kafin jiki ya bi kiɗa. Makaɗi na da ido. Waya ba ta da shi. Ba ta san ka shiga rairayi ba, ba ta san rana ta fito ba, ba ta san jiya da zazzaɓi ka kwana ba. Aikin da makaɗin gayya yake yi wa manomi, yanzu mai gudu ne zai yi wa kansa, kuma tun kafin ya fito daga gida.

Abin da masu bincike suka gano

A watan Fabrairun 1998, a birnin Birmingham na Ingila, ɗan Habasha Haile Gebrselassie ya kafa tarihin duniya a tseren mita 2,000 na cikin ɗaki. An sa masa waƙar Scatman a lasifikokin filin yana gudu, kuma ya sha faɗin cewa bugunta ya yi daidai da takunsa. Ba don ma'anar kalmominta ya so ta ba, don saurin bugun ne.

Farfesa Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin alaƙar kiɗa da motsa jiki. Daga cikin abin da bincikensa da na abokan aikinsa ya nuna, kiɗa na rage jin gajiya da kimanin kashi 10 cikin ɗari idan motsa jikin mai sauƙi ne ko matsakaici. Jiki na aikinsa kamar kullum, amma hankali ya tafi wani wuri, sai saƙon gajiya ya riƙa isowa da rauni. Sun kuma lura cewa mafi yawan mutane sun fi son kiɗa mai bugu 120 zuwa 140 a minti ɗaya idan suna motsa jiki, kuma abin da ya wuce haka ba ya ƙara wani amfani sosai. Amma idan gudu ya yi tsanani, numfashi ya kai wuya, kiɗa ba ya iya ɓoye gajiyar. Iyakarsa ya sa ka jure ta da daɗin rai.

Wani gwaji da aka wallafa a 2010 daga Jami'ar John Moores ta Liverpool ya fi ba ni sha'awa, domin ya nuna yadda waƙa ke jan mutum ba da saninsa ba. An sa ɗalibai 12 tuƙa keken motsa jiki suna sauraron waƙoƙi, aka ce kowa ya tuƙa yadda ya ga dama. Ba a gaya musu ba, wani lokaci a ƙara saurin waƙoƙin da kashi 10, wani lokaci a rage da kashi 10. Da aka ƙara sauri, nisan da suka ci ya ƙaru da kimanin kashi 2. Da aka rage, ya ragu da kusan kashi 4. Babu wanda ya ce musu su canza komai, ƙafa ce ta bi ganga da kanta.

Akwai kuma aikin Thomas Fritz na Cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, wanda ya yi zama cikin al'ummar Mafa a arewacin Kamaru. Ya haɗa na'urorin motsa jiki da kwamfuta ta yadda motsin mutum ne ke fitar da sautin kiɗa. A sakamakon da suka fitar a 2013, waɗanda motsinsu ke juya kiɗan sun ji gajiya ƙasa da waɗanda ke saurare kawai. Da a ce ya leƙo gayya a Kanambakashe ko Sarkin Hausa, da ya ga abin da yake nema ba tare da ya jona ko waya ɗaya ba.

Ƙirga takunka kafin ka zaɓi waƙa

Abu na farko ba ya buƙatar intanet. Ka fita gudu irin wanda ka saba, wanda za ka iya yin magana a cikinsa ba tare da haki ba. Bayan minti goma, ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30. Ka ninka da huɗu. Adadin da ka samu shi ne takunka a minti ɗaya. Masu gudun motsa jiki da yawa kan faɗa tsakanin 150 da 170.

Za ka ji ana ta ambaton 180 a matsayin adadin da ya kamata kowa ya kai. Asalin maganar daga wani kocin Amurka ne, Jack Daniels, wanda ya ƙirga takun 'yan tsere a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, ya ga kusan dukkansu suna yin 180 ko fiye. To amma waɗannan gwanayen duniya ne, a tsakiyar gasa, a kan fili mai santsi. Ba hujja ba ce ga mai gudu a bayan garin Tasawa. Wanda yake son ƙara yawan taku, ƙarin kashi 5 cikin ɗari ya isa a farko, kuma bincike ya nuna gajeren taku mai yawa na rage nauyin da ke sauka a gwiwa.

Sannan ka dawo kan waƙoƙin. Ka kunna kowace, ka riƙa buga yatsa a cinya daidai da gangar, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka da huɗu. A nan mutane da yawa za su yi mamaki. Waƙar da kake ganin mai sanyi ce, ta soyayya, idan bugunta 80 ne zuwa 85, to taku biyu a kowane bugu zai ba ka 160 zuwa 170, wato daidai da gudunka. Ita kuwa wadda ke tada rawa a gidan biki, mai bugu 110 zuwa 115 kamar yawancin amapiano, ta fi dacewa da tafiya mai sauri ko ɗaga ƙarfe. Ga mai gudu ta faɗa tsakiya: taku ɗaya a bugu ya yi jinkiri, taku biyu ya wuce ƙarfin kowa. Ba a ce kada ka saurare ta ba, amma kada ka tilasta wa ƙafarka bin ta.

Akwai bambanci kuma tsakanin waƙoƙin situdiyo, waɗanda ake kira na fiyano, da kiɗan gargajiya da aka naɗa kai tsaye. Na situdiyo kwamfuta ce ke riƙe bugunsu, yadda suka fara haka za su ƙare, don haka sun fi dacewa da tsakiyar gudu inda ake son taku ya zauna wuri ɗaya. Kalangun Shata ko gangar kokowa kuwa hannun mutum ne ke buga su a gaban jama'a. Idan fage ya yi zafi makaɗa kan ƙara sauri, kuma da yawa daga cikin irin wannan kiɗa uku-uku yake tafiya, ba bibbiyu kamar ƙafa ba. Wanda ya fara gudu da irinsa zai tarar ya ƙone ƙarfinsa tun a kilomita biyu na farko. A ganina wurinsa biyu ne: kafin a fara, lokacin ɗaura takalmi da miƙe jijiyoyi, kamar yadda ake kaɗa wa ɗan kokowa take kafin ya shiga, sai kuma a kilomitar ƙarshe, inda ake neman abin da zai taso da zuciya.

Jerin minti 40, alal misali, zai iya farawa da waƙoƙi biyu masu sanyi don ɗumama jiki, sai biyar ko shida masu bugu iri ɗaya da takunka, sai ɗaya da ka san tana motsa ka, sai ta ƙarshe mai natsuwa ka taka a hankali zuwa gida. Ka tara su a jaka ɗaya a cikin waya, ka sa musu lamba a gaban suna don su biyo juna, ka kashe tsarin da ke cakuɗa su. Ka kuma cire waɗanda ke farawa da minti guda na gaishe-gaishen furodusa da masu gida.

Rairayi da rana

Jerin waƙoƙin gudu da ake samu a YouTube ko Spotify an shirya su ne don mai gudu a kan kwalta ko injin gudu, a ƙasa mai sanyi. Tasawa da Mayahi ba haka suke ba. Da ka bar tsakiyar gari rairayi ne, a gefen gulbin Kaba ko a hanyoyin amalanke da ke ratsa gonaki tsakanin itatuwan gawo. Masu bincike a Beljiyam sun auna a 1998 cewa gudu a kan rairayi na cin ƙarfi kimanin ninki 1.6 na gudu a ƙasa mai tauri. Ma'ana, waƙar da ta dace da kai a kan kwalta za ta fi ƙarfinka da zarar ka sauka, sai dai ka rage faɗin taku sosai.

Batun zafi ya fi wannan haɗari. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a jihar Maraɗi kan haura 40. Amfanin kiɗa, kamar yadda aka gani, shi ne ya ɗauke hankali daga gajiya. To a bazara, gajiyar nan saƙo ne da bai kamata a toshe masa kunne ba. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, tsigar jiki na tashi alhali ana rana, ko ka ji tunaninka na rikicewa, duk alamu ne na a tsaya nan take, a nemi inuwa da ruwa. Makaɗin gayya da ya ga manomi na tangaɗi zai dakata. Waƙar waya za ta ci gaba da cewa ka ƙara. Don haka a bazara a yi gudu da sassafe, a zaɓi waƙoƙi masu sanyi, a bar masu zafin sai lokacin ɗari. Mai azumi kuwa ya fi kowa buƙatar wannan taka-tsantsan.

Waƙar gida a ƙasar wani

Lissafin bugu ba shi ne komai ba. Masu binciken da kansu sun yarda cewa waƙar da mutum ya tashi da ita, wadda ke tuna masa wani abu, tana yi masa aikin da baƙuwa ba za ta yi ba ko da bugunsu ɗaya. Wannan ya shafi 'yan ci-rani da ɗalibai 'yan yankin da ke Yamai, Kano, Legas, Aljeriya, Libiya ko Turai. Gidan motsa jiki a can zai cika maka kunne da kiɗan da ba ka da wata alaƙa da shi. Wanda ya girma yana jin gangar kokowa a rediyo duk shekara, jikinsa ya riga ya san abin da take nufi. Ya sa ta a kunnensa.

Sai dai tunawa iri biyu ce. Akwai waƙar da ke tuna maka gida ta ƙara maka ƙarfi, akwai wadda ke tuna maka wadda aka aurar kana can, ƙafa ta yi nauyi. Kowa ya san tasa.

Waɗanda ba sa sauraron kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, ko don ba ya burge su, ba su yi asarar komai ba. A gudu mai tsawo kuma a hankali, abin da ake nema shi ne abin da zai riƙe hankali, kuma wa'azi ko shirin rediyo ko littafin da ake karantawa da murya na yin wannan aiki. Har ma suna da wata fa'ida: ba su da bugun da zai ja ka ka wuce ƙarfinka. Masu gudu a rukuni kuma na da hanyar da sojoji ke bi a ko'ina, ɗaya ya bayar saura su amsa, taku ya daidaita. Wanda ya kasa amsawa saboda haki, alama ce rukunin ya yi masa sauri.

Kunne ɗaya na hanya ne

Babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai zuwa Diffa, ta ratsa Cadawa da Gazawa da Tasawa da Maijirgi kafin ta nufi Damagaram. Ita ce kwalta mafi tsawo da mai gudu zai samu, kuma ita ce hanyar manyan motocin safa da tankokin mai da tireloli, ga 'yan kabu-kabu, ga amalanke da ba ta da fitila. Lokacin da ya fi daɗin gudu, wato duku-duku, shi ne lokacin da direban da ya kwana yana tuƙi ya fi gajiya. A lokacin hunturu ƙura na ƙara rage gani.

Wanda ya toshe kunnuwa biyu a wannan hanya ya bar wa direba ransa. Tunda a Nijar motoci ta dama suke bi, mai gudu ya riƙe hagu, yana fuskantar abin da ke tahowa. Ya sa abin sauraro a kunne ɗaya, ya bar wanda ke ɓangaren kwalta a buɗe. Irin na zamani masu kashe ƙarar waje an yi su ne don jirgi da ofis, ba don bakin titi ba. A cikin daji ma kunne na da aiki: kare, garken shanu, babur da ke tahowa ta baya a siririyar hanya. Mata masu gudu, waɗanda da yawa sun fi sakewa a filin makaranta ko filin ƙwallo, su ma ya fi musu su riƙa jin abin da ke kewaye da su.

Sai kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti da ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage wannan lokaci da rabi. Shawararta mai sauƙi ita ce kada ƙarar waya ta wuce kashi 60 cikin ɗari. Matsalar ita ce abin sauraro mai arha ba ya zama daram a kunne, iska da ƙarar mota na shiga, sai mutum ya yi ta ƙara murya har ƙarshe. Idan ka cire ka ji kunnenka na ƙara kamar ƙudan zuma, ya yi yawa. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ranar gwaji babu waƙa

Dokokin hukumar wasannin guje-guje ta duniya sun hana ɗan tsere amfani da na'urar sauraro a cikin gasa. A Amurka hukumar ƙasar ta taɓa hana ta ga kowa a tseren kan hanya a 2007, daga baya ta sassauta, ta bar hanin a kan masu neman lambar yabo ko kuɗi. Gebrselassie ma ta lasifikar fili ya ji tasa waƙar.

Matashin Tasawa ko Mayahi da ke shirin gwajin shiga aikin ɗamara ya sa a ransa cewa ranar ba za a bar shi da waya a kunne ba. Idan duk atisayensa da waƙa ya yi, a ranar ne zai fara jin numfashinsa da ƙarar takalminsa da na mutanen da ke gefensa, kuma da yawa a nan suke ruɗewa su fita da gudun da ba nasu ba. Maganin shi ne ya ware kwana ɗaya ko biyu a mako ya bar wayar a gida, musamman ranar da zai gwada nisan da ake tambaya da agogo. Waƙar da ya daɗe yana gudu da ita, wadda ya auna ta yi daidai da takunsa, zai iya rera ta a zuci daga layin farawa har zagayen ƙarshe.